Bakwai a Ciki, Ɗaya a Ƙofa

Duk wanda ya tashi a unguwar Bonteheuwel a zamaninmu ya san Oom Tobias Fortuin, ko da bai san sunansa ba. Oom, wato kawu, shi muke ce wa kowane dattijo. Shi ne dogon tsohon nan mai fenti da ake gani ranar Lahadin farko ta kowane wata bayan an taso daga coci, yana tafe cikin baƙar kwat da farar safar hannu, da wani dogon abu naɗe cikin tsohuwar jarida a hammatarsa. Baƙi kan ɗauka kifi ya sayo, don dogon kifin nan snoek ma haka ake naɗe shi. Takobi ne. Jaridar kuwa don 'yan sanda ce, da 'yan iskan unguwa waɗanda nasu makaman ba su da kube balle tarihi.

Oom Tobias shi ne mai tsaron ƙofar Ƙungiyar 'Yan'uwa ta Fitilar Teku, wadda kowa ke kira Zauren Fitila. Matan unguwa kuwa 'yan walki suke ce musu, saboda farin walkin da suke ɗaurawa a kan wando, wanda su matan ne ke wankewa su goge. Kakanninmu ne suka kafa ta, 'yan dakon tashar jirgin ruwa da teloli da magina, jikokin bayin da aka 'yanta. A lokacin Turawan gari na da nasu zaurukan, inda ake koyar da cewa 'yan Adam duka 'yan'uwan juna ne, kuma sun adana wannan koyarwa da kyau, ba su taɓa barin ta fito waje ta sha iska ba. Da namu suka gaji da tsayuwa a bakin ƙofar mutane, sai suka rubuta can ƙetaren teku aka aiko musu da takardar izini a jirgi, suka kama ɗaki, suka kafa tasu ƙofar. Abin da suka fara yi bayan sun kafa ta shi ne suka tsayar da mutum a bakinta ya hana wasu shiga.

Abu uku ƙungiyar ta tsaya a kai: zumunci, taimako, da riƙe baki. Ɗan'uwa ya kwanta ciwo a je a duba shi, in ya mutu ba a barin matarsa ta kwana da yunwa. Amma a faɗi gaskiya, abin da ya fi jan maza cikinta shi ne jana'iza. Shi ma Tobias ita ta ja shi.

Yana saurayi ya binne mahaifinsa, wani masunci da teku ta cinye wa ƙarfi ta tofar da shi. Mutum huɗu ne a bakin kabarin, da mai wa'azin da ke ta duban agogo. Can gefe kuma a ranar ake binne wani tela ɗan Zauren Fitila, wanda kowa ya san ya fi iya riƙe kwalba a kan almakashi. Amma zo ka ga yadda aka raka shi. Ga 'yan badujala, ga tuta, ga maza cikin farin walki sun kama hannun juna sun kewaye kabarin, sun bar gurbin mutum ɗaya babu kowa. Shugabansu ya kira sunan mamacin sau uku, ba a amsa ba, sannan kowa ya matso ya jefa reshen rosmari, ganyen nan mai ƙamshi da ba ya bushewa rani da damina. A bakin ƙofar maƙabarta kuwa wani gajeren mutum na tsaye da takobi, ko ƙifta ido ba ya yi. Tobias ya dubi ramin mahaifinsa, ya dubi na telan, kunya da kishi suka kama shi lokaci guda. A nan ya ƙudura a ransa cewa ko me za a yi, shi haka za a binne shi.

Gajeren mutumin nan shi ne Abram Olifant, kuma shi ya tsaya wa Tobias har aka karɓe shi. Ba a daɗe ba aka ɗaga Abram zuwa wata kujera a ciki. Ya dubi faɗin kafaɗun sabon ɗan'uwa, ya miƙa masa takobin, ya koya masa aikin a tsaye. Mutum zai ƙwanƙwasa, ka dube shi da kyau, ya raɗa maka kalmar shiga a kunne. Kalmar nan ana sauya ta lokaci-lokaci, kuma a cikin Zaure kaɗai ake ba da ita, ba a titi ba, ba a bakin ƙofa ba. Abin da Abram ya rufe da shi, Tobias ya yi ta maimaita mana shi har muka haddace:

"Ko ciki ɗaya kuka fito da mutum, yaro, ba kalma, ba shiga. Ranar da ka tausaya wa wani a nan, ka ajiye takobin ka je ka sayar da kifi."

Tobias bai sayar da kifi ba. Ya tsaya a wannan ƙofa shekara wajen hamsin. Dokar ƙungiya ta ce ba a buɗe Zaure sai da mutum bakwai a ciki da ɗaya a ƙofa, kuma na ƙofa ba ya jefa ƙuri'a, ba ya jin abin da ake faɗa. Saboda haka sau ɗaya tak ya taɓa kasancewa a ciki ana zama, ranar da aka shigar da shi, ita ma idonsa a ɗaure. Ɗakin dai ya san shi ciki da bai, don shi ke yi masa fenti kyauta idan babu kowa. Matarsa Anti Lena kan ce mijinta ya ba asirin nan rayuwarsa, asirin kuma ya ba shi ciwon gwiwa. Ba ya tanka mata. A ganinsa mace ba za ta gane ba, ita kuwa a ganinta babu abin ganewa, kuma a haka suka yi zaman lafiya har suka aurar da 'yarsu.

Abu biyu yake alfahari da su. Na farko, ranar da ya hana Hendrik September shiga, shi kuwa Hendrik a lokacin shi ne Shugaban Zaure kansa. Ya zo cikin ruwan sama kalmar ta ɓace masa, ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuna wa Tobias cewa shi ya ba shi kalmar da bakinsa a cikin ɗakin bayan an tashi daga zama. Tobias ya ce ai shi ya sa bai kamata ya manta ba. Haka Shugaba ya koma gida a jiƙe. Na biyu, lokacin da gwamnatin wancan zamani ta kore mu daga tsohuwar unguwarmu ta District Six ta turo motocin rusau. Kowa ya ɗauki abin da ya fi so, wasu tuta, wasu kujerar Shugaba. Tobias ya kwance ƙofar Zauren da kansa, ya ɗora a amalanke, ya turo ta har wannan fili mai yashi da iska da aka zubar da mu. A garejin bayan gidan Hendrik ya kafa ta. Ta fi garejin tsawo, sai da aka fasa bango, amma ƙofar ba a rage mata ko ɗan yatsa ba.

Sai dai abin da rusau bai iya yi ba, shekaru sun yi shi a hankali. An watsa 'yan'uwa unguwa-unguwa, wasu sai sun hau mota biyu kafin su iso. Samari kuwa ba ruwansu. Kamfanonin jana'iza sun cika gari, ka biya su kawo tanti da kujeru da motar gawa mai sheƙi, ba wanda zai ɗaure maka ido ko ya sa ka yi rantsuwa. An daina zaman dare saboda tsofaffi ba sa iya fita, aka koma Lahadi da rana. Tobias na nan a bakin ƙofa da takobinsa yana tsare ta daga taron da ya daina zuwa tuntuni.

Ranar da aka binne wani ɗan'uwa, Lukas magini, ne abin ya faɗo masa. Yana tsaye a ƙofar maƙabarta yana hango farin walki, sai ya ƙirga su don ya rage wa kansa zafin gwiwa. Bakwai. Da shi takwas. Ya sake ƙirgawa, bai ƙaru ba. Nan take gumi ya karyo masa duk da iskar da ke kaɗawa. In shi ne na gaba, bakwai za su rage, ba mai ƙofa. In ɗaya ya fito ya riƙe takobi, shida ne a ciki. Ko ta ina aka juya, Zaure ba zai buɗu ba, kuma in ba a buɗe Zaure ba babu walki, babu kiran suna, babu rosmari. Mutumin da ya tsaya wa jana'izar kowa za a tura shi rami kamar mahaifinsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar rusau. Mutum na tara kawai ake bukata.

Kuma akwai shi a gida. Surukinsa Denzil Arendse, bakanike, mutumin kirki, ba ya sha sai ranar Asabar. Matsalar ita ce wata doka ta ce Zaure ba ya gayyata, mutum ne zai nema da bakinsa. Don haka Tobias ya shiga zagaye-zagaye. In Denzil ya zo cin abincin Lahadi, sai tsohon ya ɗauko takobi ya zauna yana gogewa a gabansa yana ajiyar zuciya. Ya yi ta yabon zumuncin maza na da. Ya bar walkinsa a kan kujerar da Denzil ke zama. Shi kuwa Denzil sai ya ɗauke ya ninke da ladabi ya ajiye gefe, ya ci gaba da cin farfesun nan namu na bredie. Aka shafe watanni a haka, har Anti Lena ta ƙoshi. Wata Lahadi ta dire tukunya a kan tebur ta ce:

"Denzil, Pa ɗinka, baban matarka, so yake ka shiga 'yan walki don a samu mai binne shi. Ba zai faɗa ba, wai doka. Ka nema, mu samu mu ci abinci cikin kwanciyar hankali."

Tobias ya tashi ya fita tsakar gida don kada a ce ya ji. Da ya dawo, Denzil ya share baki ya ce shi fa, Pa, ya daɗe yana sha'awar ƙungiyar nan. Ƙarya ce, kowa a teburin ya san ƙarya ce, amma an nema da baki, doka ta cika.

Aka sa ranar ƙuri'a, kuma in ta yi kyau a shigar da shi a ranar. Yadda ake yi, akwai akwati mai rufi, kowa zai sa hannu ya jefa farin dutse ko baƙi ba tare da an gani ba. Baƙi ɗaya ya isa ya hana mutum, kuma haramun ne a tambayi wanda ya jefa. Ba wanda ya damu da wannan. Wa zai ƙi Denzil, mutumin da ke gyara motar rabinsu kyauta? Aka zaunar da shi a kicin ɗin Hendrik da faranti cike da koesister, fanken nan namu mai zaƙi, aka ce ya jira a kira shi.

Shida suka zo suka raɗa kalma suka shige. Na bakwai shi ne Oom Abram, wanda yanzu ya haura casa'in, jikarsa ce ke kawo shi a mota ta ajiye. Ya taho da sandarsa, walkinsa a karkace, ya ƙwanƙwasa daidai yadda ake yi, don hannu bai manta ba. Tobias ya sunkuyo da kunnensa. Shiru. Tsohon ya motsa baki ya faɗi wata kalma. Kalma ce ta gaske, amma ta shekarar da aka haifi 'yar Tobias. Ya girgiza kai. Abram ya faɗi wata, ta zamanin District Six. Ya yi ta zaro su ɗaya bayan ɗaya, sunayen koguna da duwatsu na Littafi Mai Tsarki, kowace Tobias ya san ta, ya san ma wanda aka binne a lokacinta. Ta yanzu ce kaɗai babu. Kada ku tambaye ni mece ce, ni ba ɗan walki ba ne.

Hendrik September ya leƙo ta 'yar tagar ƙofa. Shi ne dai har yanzu Shugaba, don ba wanda ya rage da zai karɓa. Ya dubi halin da ake ciki, ya rage murya.

"Ɗan'uwa Mai Ƙofa, ka san shi fa. Shi ya koya maka aikin."

"Na san shi, Shugaba. Kai ma ai na san ka ranar ruwan nan."

"To yi tari mana, ka kalli wani wajen. Ba wanda zai mutu."

"Akwai wanda zai mutu," in ji Tobias. "Shi ya sa muke nan."

Hendrik ya rufe tagar. Tobias ya tsaya da takobi a hannu, iska na watsa masa yashi a fuska. Daga kicin yana jin ƙarar cokalin Denzil a kofin shayi. Shekara hamsin bai taɓa buɗe ƙofar nan bisa kuskure ba, kuma ban da wannan ba shi da wani abin da zai nuna a duniya, don gidajen da ya yi wa fenti duk an rushe su. In ya mai da Abram gida, shida ne a ciki, ba zama, ba ƙuri'a, kuma wa ya san ko wata mai zuwa tsohon zai tuna ko da hanyar garejin? Ya dubi Abram, ya ga idonsa ya kawo ruwa don kunya, yana ta lalube a aljihu kamar kalmar na ciki. Tausayi ya kama Tobias. Amma kada mu yi masa ƙarya, ba tausayin kaɗai ba ne. Ramin mahaifinsa ya gani, da mutum huɗu, da mai wa'azi yana duban agogo.

Ya waiga dama da hagu. Ya sunkuya kamar zai gyara wa tsohon walki, ya sa baki a kunnensa ya faɗa masa. Abram ya ɗago ya dube shi, kallo mai tsawo. Sannan ya maimaita kalmar a kunnen Tobias, aka buɗe masa ya shiga.

Zaman bai daɗe ba. Tobias na jin an buga guduma, an ja kujeru, duwatsu na faɗawa akwati. Sai shiru ya yi yawa. Da aka buɗe tagar, fuskar Hendrik kaɗai ta ishe shi labari. Fari shida, baƙi ɗaya. Doka ta ce wanda aka ƙi sai ya shekara kafin ya sake nema, a ƙungiyar da ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Denzil ya karɓi labarin ba tare da ɓacin rai ba. Ya ce shi dama don Ma, wato Anti Lena, ya zo, kuma sau ɗaya ya isa a ƙi mutum a gareji. Ya naɗe sauran koesister ya tafi da su.

'Yan'uwa suka watse kowa na kauce wa idon kowa. Aka bar Tobias da Oom Abram a kan benci suna jiran jikar. Tobias na naɗe takobi a jarida. Can tsohon ya buga sandarsa a ƙasa, ya yi magana da muryarsa ta da, tar da ita.

"Wa ya koya maka ƙofa, yaro?"

"Kai ne, Oom Abram."

"Haka na koya maka?"

Tobias ya ci gaba da naɗe takobinsa.

"Surukinka yaron kirki ne, ba ni da komai da shi. Amma ba a shigar da ɗan mutane gidan da mai gadinsa ke raba kalma a bakin ƙofa kamar alewa. Ka lalace, Tobias. Da can ba haka kake ba."

Ya gyara zama, ya dubi titi. Jim kaɗan ya juyo da fara'a ya tambayi Tobias ko shi ɗan gidan wa ne, kuma ko motar zuwa District Six ta wuce.

Oom Abram bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Shi ne ɗan'uwa na farko tun kafa Zauren Fitila da aka binne ba walki, don shida ne suka rage a ciki. Tobias ya je, ya tsaya a ƙofar maƙabarta da hannu wofi, ya ƙi shiga. Daga nan bai sake naɗe takobi a jarida ba. Ya jingine shi bayan kabad, ya koma zama a tsakar gida kusa da bishiyar rosmarin Anti Lena, wadda daga jikinta ake yankar na kowace jana'iza tun da muka zo unguwar nan. Bai taɓa ce wa kowa an zalunce shi ba. Sau ɗaya na ji an ce ya faɗa wa Hendrik cewa da shi ne a ciki ranar, shi ma baƙin zai jefa. Na yarda, kuma abin da ke ba ni haushi da shi ke nan har yau.

Da nasa lokacin ya zo, Denzil ne ya tsaya a kan komai. Ya kawo tanti da kujeru da mota mai sheƙi, coci ta cika, don mutumin ya yi wa rabin mutanen unguwa fenti tun a District Six. 'Yan'uwa biyar da suka rage suka zo cikin baƙar kwat ba walki, suka jeru a bakin kabarin. Kowannensu da ɗan reshen rosmari a aljihu, ana hango kan ganyen. Sun yanko, sun kawo, amma ba a buɗe Zaure ba, don haka ba mai ikon jefawa. Suka tsaya suna kallon takalmansu.

Anti Lena ta dube su ɗaya bayan ɗaya har sai da Hendrik September ya cire hularsa ya sake sawa. Sannan ta yi wa Denzil alama, ya je bayan mota ya ɗauko wani buhu. Bishiyar ce gaba ɗaya, ta sa an tumɓuke ta da safe, har da saiwa da ƙasa. Hendrik ya matso ya fara cewa, Anti Lena, a bisa doka dai, amma ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Ni ban yi wa kowa rantsuwa ba, Hendrik. Matsa."

Ta tura bishiyar cikin ramin da hannunta, ta faɗa kan akwatin da ƙarfi, ƙamshi ya tashi har layin baya. Ta kira sunansa sau uku, Tobias Fortuin, yadda take kiransa in abinci ya kusa hucewa. Ba a amsa ba. Tsofaffin nan biyar suna tsaye hannu a aljihu, kowa na riƙe da nasa reshen, har masu shebur suka gama aikinsu.